Ƙwai a Hular Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata mata ce, Tabawa, ciwo ya shiga akurkinta ya kwashe kajinta kaf, sai ɗan tsako guda. Da shi take fatan sake tara kaji. Mijinta Jatau kuwa mayen nama ne. Sai ya kafa doka: in zakara ne, tukunya, in kaza ce, ta Tabawa ce.

Tsako ya tasa. Sai Jatau ya fito da wuƙa. "Tabawa, dubi jan zankon nan. Zakara ne!"

Ta ce, "Haba Malam, kaza ma tana da zanko. A ba shi mako."

Mako ya cika, sai ga shi kuma. "Dubi dogayen ƙafafun nan. Zakara ne!"

"Kai ma dogo ne, Malam, ban taɓa jin ka yi cara ba. A ƙara mako."

A na uku sai Tabawa ta kira kajin maƙwabta, ta watsa tsaba. Ta ce, "Zakara in ya ga tsaba kiran kaji yake su ci. Zuba ido." Sai tsako ya hau ci, yana saran duk wadda ta matso.

"Ka gani? Sagara ce."

Jatau ya ce, "Zakara ne mai rowa! Yau sai miya."

Sai ya tuɓe hularsa ya ajiye gindin rumbu, ya durƙusa wasa wuƙa. Tabawa ta koma gefe tana share hawaye. Ya gama, ya duba akurki, babu. Bayan ɗaki, babu. Sai suka ji kyarkyara daga gindin rumbu. Abin yankan nasa ne ya miƙe daga cikin hula yana kakkaɓe fukafukai, ya bar ƙwai fari tas, da ɗuminsa.

Tabawa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. "Ku zo ku gani, zakaran Malam ya yi ƙwai!"

Jatau ya miƙa hannu, ko ƙwan ya samu.

"A'a, Malam. Doka taka ce. Kaza tawa, ƙwai nawa. Hular ma sai ta gama kwanci."

Haka Jatau ya yi ta yawo kai ba hula, har 'yan tsaki goma suka cika tsakar gida.

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙare ta. Ku rage gaggawar wuƙa, yara, ku bar abu ya nuna kansa.