Man Soso da Yatsun Baba

Akwai wani mutum da kowa ke kira Auta, duk da ya yi aure, ya tara gemu, har ya ajiye 'ya'ya. Sunan daga gida ya biyo shi, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Halin 'yan auta ma bai sake shi ba: abin da yake so shi za a yi, kuma in ransa ya ɓaci bakinsa ba shi da linzami.

Abin da ya shiga ran Auta shi ne tseren ƙananan motoci masu rimot. Kada ku ɗauka irin na yara masu batir nake nufi. Waɗannan inji gare su na gaske, ɗan mitsitsi, da fistin da kafireta, suna shan mai, suna hayaƙi, suna ƙara kamar an taɓa gidan rina. Duk ƙarshen mako shi da abokansa sukan haɗu a wani fili da ke bayan tsohon sito, su yi ta zagaye har rana ta yi sanyi.

To filin nan ƙasa ce zalla, kuma injin nan ba shi da maƙiyi kamar ƙura. A bakin kafireta akwai wani ɗan soso da ke tace iskar da injin yake shaƙa. Busasshen soso ba ya tare komai, sai an shafa masa mai mai danƙo wanda ƙura za ta maƙale a jikinsa. In aka sa mai santsi, sai ya zurare ya bar soson, ƙura ta wuce ciki ta cinye fistin. In aka cika shi da yawa kuma, injin ya shaƙe.

Wannan aikin na Baba ne, mahaifin Auta.

Baba tsohon mai gyaran keken ɗinki ne. Bayan rasuwar matarsa ya rufe shago, ya koma ɗakinsa na baya, inda yake da teburi a jikin taga. Idonsa ya daɗe da yin rauni, amma bai taɓa damuwa ba, don a cewarsa idanunsa na gaske a yatsu suke.

Yana da wata ɗabi'a tun ta shago. Duk man da aka kawo masa sai ya juye shi a tsofaffin kwalaben magani, wai bakinsu ƙarami ne, ba sa ɓarna. Kuma ba ya rubuta komai a jikinsu. Ga man soso, ga man shokazoba na ƙafafun motar, duk biyun masu kauri, a ido kamar tagwaye.

"Baba, ka riƙa rubuta suna a jiki mana," in ji Auta.

"Rubutun me? Takarda takan yi ƙarya, yatsa ba ya yi."

Sai ya ɗiga ɗigo ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ya murza, ya buɗe a hankali. In man ya riƙe yatsun kamar ba ya son rabuwa da su, na soso ne. In ya sulale, na shokazoba ne. Daga nan ya wanke soson da ruwan ɗumi da sabulu, ya shanya a bakin taga, ya jefa shi a leda da ɗan mai, ya yi ta murzawa har ko'ina ya samu, sannan ya matse ragowar a farin ƙyalle.

Duk jajiberin tsere Auta kan kawo sosunansa, ya zauna a bakin gado suna hira. Washegari Baba ya bi shi filin, ya kafa kujerarsa a inuwar katanga da akwatin kwalabe a cinya. 'Yan filin suka laƙaba masa Baba Mai Soso, kuma har ga Allah yana jin daɗin sunan.

Ana nan sai aka shirya babban tsere, har da baƙi daga wasu ƙungiyoyi. Auta ya cika baki ya ce in bai zo na ɗaya ba a canza masa suna.

Ranar jajiberi ya shigo ɗakin Baba a gaggauce, waya maƙale a kunne. Ya ajiye soso a teburi, ya nemi man shokazoba.

"Kwalbar ƙarshe ta hannun hagu," in ji Baba. "In ka gama ka mayar da ita daidai inda ka ɗauka."

"To, Baba," in ji Auta, hankalinsa yana kan wayar. Ya ɗura abin da zai ɗura, ya dire kwalbar inda hannunsa ya faɗa, ya fice.

Washegari fili ya cika. Aka saki motoci, ta Auta ta wuce gaba, ƙura na tashi a bayanta. Abokansa na ihu, shi kuwa sai murmushi yake yana juya rimot.

Tsere ya yi nisa sai muryar injin ta canza. Motar ta fara ja da ƙyar, wata ta wuce ta, wata ma ta wuce ta, can a kwana ta yi tari ta mutu. Auta ya ruga ya ja igiyar tayarwa, igiyar ta biyo hannunsa salalam, babu wani matsi, alamar fistin ya cinye. Ya cire soson, ya zura farin ƙyalle a maƙogwaron kafireta, ƙyallen ya fito da laka. Ya murza soson a yatsunsa, ya ji santsi.

Jama'a, a nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Auta ya nufi inuwar katanga da soson a hannu, mutane na biye da shi.

"Baba, me ka sa wa soson nan?"

"Mansa na sa masa."

"Mansa? To taɓa ka ji."

Baba ya karɓa ya murza. Ya sake murzawa, ya daɗe yana murzawa fiye da yadda ya saba. Auta ya ɗauki jinkirin nan a matsayin taurin kai.

"Man shokazoba ne. Wanda ya fara harkar nan jiya ma ba zai yi wannan ba. Sau nawa na ce ka rubuta suna, ka ce yatsa ba ya ƙarya? To ga yatsan ya kashe mini inji a gaban baƙi. Daga yau kada hannunka ya sake taɓa mini mota."

Wani abokinsa ya riƙo rigarsa. "Haba Auta, mahaifinka ne fa."

"Shi ya sa na tsaya iya nan."

Baba ya ajiye soson a ƙasa a hankali. Ya yi ta fama da maɓallin akwatinsa, yatsun na zamewa, har sai da wani ya sunkuya ya rufe masa. Baba ya miƙe ya naɗe kujerarsa.

"To, Auta. Allah ya huci zuciyarka."

Iya abin da ya ce ke nan, ya tafi gida shi kaɗai.

Auta ya sa sabon inji. Ya koma sayen sosunan da ake sayarwa da mansu a shafe, a rufe cikin leda, don haka ba ya buƙatar kowa. Ya ci tsere ma, ba sau ɗaya ba. Amma duk lokacin da ya ci, sai ya tsinci kansa yana waiwayen inuwar katanga, kuma abin yana ci masa rai.

Ya san ya yi ba daidai ba. Sai dai girman kai ya riƙa raɗa masa cewa ai shi aka yi wa ɓarna, a bari ƙura ta lafa tukuna. Yakan kira a waya, a gaisa sama-sama, Baba ya ce lafiya lau, a kashe. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Mako ya zama wata, wata ya zama watanni, ƙafarsa ba ta taka gidan Baba ba.

Wata rana da hantsi sai ga Yaya, babbar yayarsa wadda ke kula da Baba, ta same shi a ƙofar gida yana wanke motar. Ko amsa gaisuwarsa ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, mai mota. Ka san ubanka ya ƙone?"

Auta ya miƙe. "Ƙonewa kuma? Da me?"

"Da butar shayi. Ya rungumo ta da tafin hannu tana tafasa, ya kawo ta har teburi, bai san yana ƙonewa ba sai da na ga fatar ta tashi. Likita ya ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin hannun. Daga kan yatsu yake farawa, ya yi ta hawa sama. Da aka matsa wa Baba da tambaya, sai ya ce yatsun sun daina ji tun kafin tseren naku."

Auta ya ce, "To me ya hana shi faɗa?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ka sani za ka karɓe soson don tausayi. Ya ce shago ya tafi, Mama ta tafi, soson nan ne kaɗai ke kawo ka gidan." Ta ci gaba da cewa, "Da ya ga yatsun sun ƙi, sai ya jera kwalaben a teburi, ya haddace wurin kowace. Da haka yake yi maka aikin kana cin tsere. Har yau yana cewa bai san yadda aka yi suka cakuɗe ranar ba."

Auta ya sani. A zuci ya ga hannunsa, ya ga wayar a kunnensa, ya ga inda ya dire kwalbar. Ya tuna yadda tsohon ya yi ta murza soson a gaban jama'a, ashe neman ji yake yi, bai samu ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi har ya kasa ɗaga ido ya kalli Yaya.

Ko hannu bai wanke ba ya bi ta.

Ɗakin na nan yadda ya san shi, sai dai teburin fayau, babu kwalba ko ɗaya. Baba na zaune a kujera, fuskarsa na kallon hasken taga. Ya rame ƙwarai. Hannun dama a naɗe da bandeji, na hagu a kwance a kan hannun kujera.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa. "Baba, ni ne."

"Auta? Lale. Yau kai ne a gidan namu?"

"Baba, ka yafe mini. Ni na sauya wa kwalbar wuri. Laifina ne, na ɗora maka a gaban mutane."

"Ashe haka aka yi," in ji Baba, bai juyo ba. "To alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Na ɗauka ƙwaƙwalwar ma ta fara tafiya. Yafiya kuwa, tun a filin na yafe."

Auta ya shigo ɗakin. Ya taka a hankali ya durƙusa a gefen kujerar, ya ɗora hannuwansa biyu a kan hannun hagun mahaifinsa, ya damƙe shi da ƙarfi. Hawaye na ta zuba masa.

Baba ya ci gaba da magana yana fuskantar taga. "Sabon injin yana numfashi da kyau? Ka riƙa matse soson sosai, kai hannunka da nauyi wajen zuba mai."

Da bai ji amsa ba, sai ya ce, "Matso mana ka ba ni hannu mu gaisa. Ko har yanzu fushin ne?"

Yaya da ke bakin ƙofa ta toshe bakinta da mayafi.

"Baba," in ji Auta da ƙyar, "ai hannunka nake riƙe da shi."

Tsohon ya juyo, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon hannuwan nan guda uku.

"Ka ɗan makara, Auta," ya ce, ba tare da faɗa ba. "Watan jiya akwai sauran ji a tsakiyar tafin. Amma riƙe abinka."

Darasi: In wanda ya saba yi maka aiki daidai ya kuskure, ka tambayi lafiyarsa kafin ka tambayi kayanka, don ruwa ba ya tsami banza. Inji in ya mutu ana sa wani, amma magana zarar bunu ce, kuma haƙurin da ka jinkirta bayarwa yana iya zuwa ya tarar babu sauran inda za a ji shi. Wanda iyayensa ke raye, ya je yau ya riƙe hannunsu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda fushi ya hana shi zuwa gida.