Rimot Ɗin Manao

Akwai wani mutum a nan garinmu Khon Kaen, sunansa Prasong. Yana da shagon tayoyi a bakin babban titi, da matarsa Lamai, da 'yarsu tilo da kowa ke kira Manao.

Tun tana firamare Manao ta fara wasan golf, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Uban ne ya fara kai ta filin atisaye, shi ne kuma ya sa aka yanke mata wata tsohuwar sanda daidai tsawonta. Shi kansa bai taɓa zama gwani ba, amma yana da ido. Ya dubi ciyawa ya san inda ƙwallo za ta karkata, ya dubi ganyen bishiya ya san ƙarfin iska.

Burinsa ɗaya ne: wata jami'a a Amurka ta ɗauki Manao cikin ƙungiyarta, ta yi karatu kyauta tana buga musu wasa. Shagon tayoyi ba zai iya kai yarinya can ba. Kowa a gidan ya san wannan ce kaɗai hanya.

A gasar yara, doka ta hana iyaye ba da shawara. Yarinya ke jan jakarta, ita ke zaɓen sanda, iyaye kuwa su bi daga nesa. Prasong bai taɓa buɗe baki a fili ba. Amma yana da hula, yana da tawul. In ya taɓa hular, Manao ta ɗauki sanda mai kai ƙwallo nesa. In tawul ya koma kafaɗar hagu, ta nufi hagu. Kafin kowane bugu sai ta ɗan waiwaya, kamar mai gyara gashi.

Sauran iyaye sun daɗe da ganewa. Akwai wata Wanida, malamar Turanci, wadda 'yarta Kratae sa'ar Manao ce. Ita ba ta raga masa.

"Ga rimot ya iso," takan ce in ta hango shi, tana haɗawa da Khun, lakabin girmamawa irin namu. "Khun Prasong, ka sa sabon batir kuwa yau?"

"Ki ji da taki 'yar, Khun Wanida. Jiya na gan ta a bakin tafki, na zaci kamun kifi kuka zo."

Sai a yi dariya a wuce. Manao na cin kofuna, Kratae kuwa yau ta yi kyau gobe ta watse. Shi a ganinsa wannan ya isa amsa.

Lamai ce kaɗai ba ta dariya. A gidan, Pho ake ce masa, wato Baba, ita kuma Mae, wato Mama. Wata rana suna cin abinci ta ce, "Pho, ranar da babu kai fa?"

"Ina zan je? Mutuwa kike mini fata?"

"Amurka nake nufi."

"Kafin lokacin ta haddace komai."

"Ba ta haddace komai ba. Kai take kallo."

Ya ce mata ta bar abin da ba ta sani ba. Manao na zaune tsakaninsu, idonta a kan kwanon shinkafa.

Da ta kai shekara sha bakwai suka fara neman jami'a. Suka ɗauki bidiyon bugunta, ta ci jarrabawar Turanci, suka aika wa koci-koci da dama. Wasu ba su amsa ba. Wasu suka ce sun cike gurabensu tun bara. Sai a lokacin Prasong ya gane sun makara, kuma babu wanda zai kai wa kuka. Kowace safiya kafin ya buɗe shago yakan sa Manao ta duba waya, kowace safiya ta girgiza kai.

Mace ɗaya ce ta amsa da gaske, Koci Maureen. Ta ce gurbi ɗaya ya rage mata.

Ranar da za su yi magana ta bidiyo, Prasong ya zauna a kan ƙaramar kujera a gefe, inda yake ganin kyamara ba ta kai ba. Koci ta yi tambaya, Manao ta karkata ido, ya raɗa mata, "Me ta ce?" Ta raɗa masa, ya raɗa mata amsa. Haka aka yi ta yi. Can sai koci ta yi murmushi ta ce, "Ki gaida mini babanki. Ki ce ya matso, tun ɗazu nake ganin gwiwarsa."

Duk da haka ta ce za ta zo gasar da za a yi a garin Hua Hin na bakin teku, ta ga Manao da idonta. Ta kuma faɗi gaskiya: akwai wata yarinya da take dubawa a gasar. Kratae ce.

Prasong ya yi dariya da ya ji. "To an gama," ya ce wa matarsa.

Ranar farko a Hua Hin, Manao ta yi wasan da ba ta taɓa yi ba. Hula ta yi aiki, tawul ya yi aiki, ƙwallo na zuwa inda aka aike ta. Koci ta bi su rami bayan rami, rana ta mayar da fuskarta ja. Abu ɗaya ya ɗan dami Prasong. Duk sanda ya saci kallonta, ba ƙwallo take bi da ido ba. Wuyan Manao take kallo.

Bayan wasa ta same su a barandar kulob. Ta yi magana a hankali, ta ce Manao ta fassara wa babanta. Manao ta ce, "Ta ce rana ta yi zafi, Pho, gobe ka huta."

"Ki ce na gode, amma ni da rana mun saba."

Koci ta dubi fuskar yarinyar, ta gane saƙon bai isa ba. Sai ta roƙi Wanida, wadda ke zaune a teburin kusa.

Wanida ta taso ba da son ranta ba. "Khun Prasong, ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa. Ta ce ta ga hular, ta ga tawul ɗin. Ba za ta gaya wa alƙalai ba. Amma ta ce wasan Manao ta zo gani, yau kuwa wasanka ta gani. Gobe ka zauna a nan."

Kunnuwansa suka yi zafi. A gaban mutane, kuma ta bakin Wanida.

"Ki gaya mata 'yata da ido rufe za ta cinye wannan filin. Zan zauna. A kawo mini ma matashi."

Da yamma, a gidan saukar baƙi, ya zaunar da Manao ya bi mata filin tun daga ramin farko har na ƙarshe: nan wannan sanda, can ki nufi bishiyar kwakwa. Tana ta gyaɗa kai. Da ya gama ta ce, "In iska ta juya fa, Pho?"

"Ba za ta juya ba."

Washegari iska ta juya. Ta taso daga teku, tana kaɗa tutoci ta inda ba ta kaɗa su jiya ba. Prasong ya gani tun daga baranda. Duk abin da ya gaya mata jiya ya zama kuskure.

Lamai ta bi yarinyar cikin fili. Shi ya zauna da wayarsa, inda ake sa sakamakon kowane rami. Ya sa aka kawo masa kofi mai ƙanƙara, ƙanƙarar ta narke bai taɓa ba. Ramin farko Manao ta yi asara. Na biyu ma haka. Ya miƙe ya je har bakin igiyar da ta raba kulob da fili, ya tsaya, ya dawo. In ya shiga, ya kashe maganar da hannunsa. In ya zauna, yana kallo maganar tana mutuwa.

Sai sakamakon ya daina fitowa. Ya yi ta jan allon wayar da yatsa, babu komai. Ya kira Lamai.

"Mae, me ke faruwa?"

"Alƙali ya yi mata gargaɗi. Ya ce tana ɓata lokaci."

"Ita da ba ta taɓa jinkiri ba?"

"Tana tsaye ne kawai a gaban jaka, Pho. Ta zaro wannan ta mayar, ta zaro waccan."

"Ki matsa kusa ki ce mata..."

"In ce mata me? Ni ban san sandunan ba. Kai ka sani." Ta kashe wayar.

Daga baranda ana hango ramin ƙarshe. Akwai tafki a gaban tuta. Ya ga Manao ta iso tana jan jakarta, kafaɗunta sun sauka. Ta tsaya. Ta dubi gindin bishiyoyi na hagu, ta dubi na dama. Sannan ta ɗaga kai ta hango shi.

Ya san sandar da ta dace. Da irin wannan iska, sai mai nisa. Taɓa hula ɗaya ya isa. Hannunsa ya fara tashi da kansa, sai ya ga koci tsaye ba nisa da yarinyar, ita ma shi take kallo. Ya kama gefen tebur da hannu biyu ya riƙe.

Manao ta jira shi. Ta ƙara jira. Daga ƙarshe ta zaro wata sanda ba tare da ta duba ba, ta buga. Ƙwallo ta tashi, iska ta tare ta, ta faɗa tsakiyar ruwa.

Kratae ma ba ta yi abin kirki ba ranar. Sau biyu ta shiga yashi, sau ɗaya ruwa. Da Prasong ya ga haka sai ya ɗan samu numfashi. In an haɗa kwanakin biyu, har yanzu Manao ce a sama.

Koci ta zo, Wanida na biye da ita. Suka zauna. Wanida ta saurari maganar, ta sunkuyar da kai. "Khun Prasong, da ma wani ka samu ya fassara wannan."

"Faɗi kawai."

"Ta ce mummunan wasa ba ya ba ta tsoro, kowa yana yi. Ta tambayi Kratae me ya sa ta shiga ruwa, ta ce ta yi ganganci ne, gobe ba za ta sake ba. Ta tambayi Manao me ya sa ta ɗauki waccan sandar, ta ce ba ta sani ba. Ta ce a can yara biyar ke fita fili lokaci ɗaya, ita kuwa mutum ɗaya ce, ba za ta iya tsayawa a kan kowace ba."

Koci ta juya wajen Manao, ta yi mata tambaya da murya mai taushi. Wannan Prasong bai buƙaci fassara ba. Tana tambayarta ne ko ita da kanta tana son zuwa.

Manao ta waiwayo ta dubi babanta.

Koci ta gyaɗa kai a hankali, ta ɗauki hularta.

Prasong ya miƙe. Ya haɗa tafukansa ya ɗaga su har goshi, gaisuwar da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba. "Ki gaya mata laifina ne, ba na yarinyar ba. Ta ba mu lokaci. Na yi alkawari ba zan sake shiga fili ba."

Wanida ta fassara. Koci ta ce ta yarda da shi. Ta ce Manao ta fi kowace yarinya a gasar iya bugu, kuma abin ya yi mata ciwo. Amma gurbin ɗaya ne, dole ta cike shi kafin ta koma.

Kratae ce ta samu gurbin. Wanida ba ta yi murna a gabansu ba. Ta riƙe hannun Lamai kawai, ta tafi.

Hanyar gida doguwa ce. Prasong na tuƙi yana neman wanda zai yi fushi da shi, bai samu ba. Da rana ta yi tsaka suka tsaya a wata rumfar taliya a bakin hanya.

Mai rumfar, wata dattijuwa mai fara'a, ta dubi Manao. "Wace iri, 'yata? Siririya ko mai faɗi? Da romo ko babu?"

Manao ta juya ta dubi babanta.

"Zaɓi da kanki," ya ce.

Ta dubi tukwanen. Ta dubi mahaifiyarta. Ta sake duban tukwanen.

"Yarinya, taliya ce fa, ba miji ba," in ji dattijuwar tana dariya.

"Duk wadda Pho ya ce," Manao ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Ya buɗe baki zai ce siririya, don ita yake saya mata kullum. Sai ya tsaya. Bai san ko tana son ta ba. Bai taɓa tambaya ba.

Lamai ta ɗora hannu a gwiwarsa. "Mu jira ta."

Suka jira. Wasu direbobi suka zo bayansu, aka zuba musu, suka fara ci. Dattijuwar ta daina dariya. Can Manao ta ce, "Mai faɗi. Da romo."

Sannan ta ɗago a hankali ta dubi fuskar babanta, don ta ga ko ta faɗi daidai.

Darasi: Uban da ke yi wa ɗansa zaɓi a komai yana ganin ƙauna yake nunawa, alhali yana hana shi koyon abin da zai fi buƙata ranar da babu kowa a gefensa. Ku bar yaranku su zaɓa, su yi kuskure, su gyara, tun kuskuren yana ƙarami kuma kuna kusa. Ku tura wannan ga duk iyayen da kuka san suna ƙaunar 'ya'yansu, musamman waɗanda ba sa iya sakin hannu.