Kawar Farko ta Karen Ruwa Ce

Dalilin da ya sa mutanen bakin kogi ba sa cin kawar farko ta shekara, sai su gasa ta su ajiye a kan dutse, ku matso ku ji. Kai Ɗanlami, cire yatsa daga hanci.

A da can ba wanda ya san akwai nama cikin kawa, abar nan mai ɓawo biyu da ke manne a duwatsun kogi. Dutse aka ɗauke ta, mai yankan ƙafa. To, wata shekara damina ta zo ƙarshe, gero ya fid da kai bai nuna ba, rumbuna sai ƙaiƙayi. Shamuwa na shirin tafiya, zalɓe ya dawo gaɓa, dorina na hamma a tsakiyar ruwa, kowa a ƙoshe, ban da 'ya'yan Tabawa, matar wani masunci da zazzaɓi ya kwantar.

Ta je duba tarkon mijinta. Ba kifi ko ɗaya, sai karen ruwa, ciki ya yi tim.

"Af! Ashe kai ne ɓarawon? Yau da kai za a yi miya."

Ya langaɓe kai, ya ƙanƙance murya, gashin baki na rawa. "Haba Inna, haba uwar ɗakina! Namana ƙarni, ko kura sai ta toshe hanci. Sake ni in nuna miki rumbun da ba ya ƙarewa."

Tabawa ta tuna autarta, wadda yunwa ta hana ko kuka. Ta fito da shi, amma ba ta saki wutsiyar ba.

Ya ja ta har duwatsun da ruwa ya fara janyewa ya bari. Ya ɓamɓaro 'yar ƙaramar kawa, ya buga a dutse, ƙwas! Sai ga nama fari sol.

"Manyan fa?" in ji ta.

"Manyan? Inna, sun gagari kakana. Nan ya bar haƙoransa."

Ta kwashi manyan duk da haka. Ta buga, ta dandaƙa, ta lallashe su, ko gezau. Haushi ya kama ta, ta watsa su cikin garwashin da masu bandar kifi suka bari, ta zauna ta yi tagumi. Can sai ta ji tsuuu, ɓas, ɓas! Kawa na buɗe baki da kansu, ƙamshi ya cika gaɓa.

Karen ruwa ya matso, yawu dalala. "Inna, ni fa ba ni da wuta."

"Ni kuma ban san lokacin da suke ƙiba ba."

"Duk ran da kika gan ni ina birgima a duwatsun nan, sun yi."

"To, ta farko taka ce, gasasshiya."

Ranar auta ta ci ta ƙoshi, ta callara kukan da ya tashi unguwa, Tabawa na dariya tana hamdala.

Shi ya sa har yau ba a fara tsintar kawa sai an hango karen ruwa, kuma ta farko a ajiye masa a ce an gode. Shi kuwa gogan bai taɓa koyon jira ta huce ba. In kun gan shi yana tsoma baki a ruwa yana shafa gashin baki, ƙonewa ya yi.