Jirgin Malam Tanimu da Ƙarfen Tasha

An yi wani mutum a wani gari da layin dogo ya ratsa. Ba zan faɗi sunan garin ba, ko na faɗa ma yaran yanzu ba su san shi da jirgi ba. Wani bawan Allah ne ana ce masa Malam Tanimu, makaniken jirgin ƙasa. Shi ba malami ba, shi ba attajiri ba. Hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai, in lokacin sallah ya yi sai ya daɗe yana dirje shi da toka kafin ya yi alwala.

Ku da ba ku riski zamanin jirgi ba, ina tausaya muku. Wallahi ina tausaya muku. A garin nan da kukan jirgi ake sanin lokaci. In na hantsi ya yi kuka, mata su ɗora tukunya. In na la'asar ya tsaya, tasha ta cika maƙil, mai rake, mai dafaffen ƙwai, mai fura, kowa na miƙa kayansa ta taga. Wanda ba shi da baƙo ma sai ya je ya kalli baƙin wasu. To, sai jirgi ya fara jinkiri, yau ya zo gobe bai zo ba, har ranar da ya wuce bai ƙara dawowa ba. Ciyawa ta rufe layi, awaki suka gaje ɗakin jira.

Malam Tanimu yana da aboki, Malam Mati, tsohon direban jirgi. Tare suka yi ƙuruciya, tare suka yi aiki. Da tsufa ya zo, idon Malam Mati ya tafi. Kullum yana zaune a zaure, kunnensa na wajen tasha. Wata rana ya ce, "Tanimu, ba abin da nake so a duniyar nan yanzu sai in ƙara jin ƙarfe yana gudu a ƙarƙashina, ko sau ɗaya ne."

Malam Tanimu ya ce, "In Allah ya yarda za ka ji."

Daga nan bawan Allahn nan ya shiga ƙera ɗan ƙaramin jirgi a filin bayan gidansa, wanda mutum zai hau ya zauna ya tuƙa. Ya yanka tsohon durom ya yi gangar jiki. Ya sayi ɗan inji da batirin babbar mota a wajen masu kayan gwangwan, ya haɗa injin da ƙafafu da sarƙar babur. Ya yi masa hannu, in ka tura ya yi gaba, in ka jawo ya yi baya. Har da oda ya sa masa, mai kuka irin na jirgi. Mutanen gari kuwa suka sami abin dariya, suna cewa tsoho ya koma wasan yara. Shi dai murmushi yake yi, ya ci gaba da ɗaure kusoshinsa.

Jirgi ya kammalu, saura layi. Niyyarsa layin ya kewaye filin ya haɗu, yadda jirgi zai yi ta zagaye ba tsayawa. Da ƙarfen tsofaffin gadaje yake yi, in ya samu ya saya, ya miƙe shi, ya ɗaure a kan katako. Sai ƙarfen gado ya ƙare a garin kakaf, layi ko rabi bai kai ba. A daidai lokacin nan ciwo ya kwantar da Malam Mati, ciwon da duk wanda ya je dubiya sai ya fito shiru.

To, ku saurara, ga inda jarrabawar take.

Matar Malam Tanimu, Tabawa, mace mai tausayi, ta ce masa, "Malam, ga sandunan ƙarfen da ake jan alamar jirgi da su a da can jibge a tasha, tsatsa na cin su. Kowa ya ɗiba. Wani ya yi ƙyaure, wani ya yi turken akuya. Kai don marar lafiya za ka ɗauka. Kayan gwamnati ne, ai ba na kowa ba ne."

Kada ku ce bai ji maganar a ransa ba. Ya ji. Ya tura baro har tasha da rana tsaka. Ya ɗaga sanda guda ya duba, kaurinta daidai da abin da yake nema, kamar don shi aka yi ta. Ya san sandunan nan, shi yake zuba musu mai a da. Ya daɗe a tsaye da ita a hannu. Sannan ya mayar da ita inda ya ɗauke ta, ya turo baronsa wayam zuwa gida.

Ya ce, "Tabawa, kin ce ba na kowa ba ne. Ni da na tsaya na duba, sai na ga na kowa ne. In na ɗauki kayan mutum ɗaya, na san ƙofar da zan je in durƙusa in nemi gafara. Wannan fa, gidan wa zan fara?"

Ta ce, "In Malam Mati ya cika bai hau ba fa?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Shi ne abin da nake tsoro."

Ya shiga ɗakinsa ya fito da gadonsa na ƙarfe, ya yanka ya ƙara, ya koma kwana a tabarma. Duk da haka layi bai haɗu ba. Sai ya tafi wajen abokinsa ya gaya masa gaskiya. "Mati, na gaza. Layi bai zagaye ba. Daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya ya tsaya."

Malam Mati ya ce, "Jirgin naka yana yin baya?"

"Yana yi."

"To me kake jira? Ku ɗauke ni."

Aka ɗauko shi ranga-ranga aka zaunar, Malam Tanimu ya tallafe shi ta baya, ya ɗora masa hannu a kan hannun tuƙi. Tsoho ya lalubi oda ya danna. Jama'a, tsofaffin matan unguwa sai ga su a bakin ƙofa, wasu na share hawaye. Jirgi ya motsa. Ya je darbejiya ya dawo rijiya, ya je ya dawo, Malam Mati ya karkatar da kai yana saurare, har batir ya yi sanyi.

Ya ce, "Tanimu, wannan ba ƙarfen tasha ba ne."

"Ƙarfen gado ne."

Ya yi dariya har da tari. "Na ji, kukansa daban. Tun da aka ce mini ƙarfe ya ƙare nake fargaba, kada kwaɗayina ya sa ka miƙa hannu inda ba ka taɓa miƙawa ba. Da na ji muryar ƙarfen tasha a ƙarƙashina, da sauka zan yi."

Malam Mati bai riski haɗuwar layin ba, Allah ya karɓi abinsa kafin nan. Amma ya tafi ba da nauyin kowa a wuyansa ba, bai kuma bar wa abokinsa nauyi ba.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Kayan jama'a amana ne, kuma kyakkyawar niyya ba ta halatta shi. Mutumin nan yana da uzurin da ya fi naku da nawa, amma ya ajiye sandar. Mu fa? Kan famfon unguwa wa ya kwance? Kujerun makarantar da 'ya'yanmu ke zama a ƙasa, a gidan wa suke? Wayar wuta, maganin asibiti, bulon masallaci? Wanda ya san akwai irin wannan a gidansa, ya mayar tun yana da ƙafar da zai kai. Ranar da za a tsayar da kai, ba mutum ɗaya ne zai riƙe maka riga ba, gari guda ne. Allah ya tsarkake hannayenmu kafin a wanke mu.