Ranar da Kofur Yunana Ya Cire Hula da Bel

An taɓa yin wani mutum a cikin sojojinmu, tun zamanin da wasiƙa ce kaɗai ke haɗa soja da iyalinsa. Sunansa Yunana. Kofur ne mai igiya biyu, aikinsa akawu a ofis. Gajere ne, mai sanyin murya, yatsunsa kullum da tawada. In an jera sojoji a fareti, ba wanda zai nuna shi ya ce ga jarumi. Ku saurara, 'yan'uwana mata, musamman ku masu ƙananan yara, don labarin nan namu ne.

An tura Yunana aiki wata ƙasa a ƙetare, wani gari a bakin teku. A ƙasar da ke maƙwabtaka ana yaƙi, sojojinmu suna can suna aikin kiyaye zaman lafiya, kuma ta wannan garin ake tura musu abinci da magani. Da yake garin lafiya yake, aka bar wasu suka zo da iyalansu. Gida biyar ne kacal, duk a bene ɗaya. Ba dawa, ba gero, da garin alkama ake tuƙa tuwo. Kuka da daddawa kuwa sai a ɗan barbaɗa kamar magani, don ba a san ranar da wata za ta zo daga gida ba. Ran Lahadi su je sujada su zauna a bencin baya, ba sa jin ko kalma ɗaya sai Amin. In an tashi su taru a falon ɗayansu, su yi ta waƙoƙi da Hausa har murya ta dushe, sannan su ji sun yi Lahadi.

A hawa na biyu akwai Liyatu, matar Saje Habila. Shi Habila yana cikin masu raka motocin kaya zuwa fagen daga, in ya tafi sai ya yi wata biyu ko uku. 'Ya'yansu biyu, Keziya mai shekara bakwai da jariri a goye. Keziya tana zuwa makarantar garin, cikin wata shida bakinta ya kama harshensu. Ita ta zama kunnen uwarta. In mai kanti ya yi magana, Liyatu ta juya: "Keziya, me ya ce?" In maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa: "Keziya, me ta ce?"

Wata Litinin da safe sigina, wato saƙon gaggawa na soja, ta shigo ofis, kuma a hannun Yunana ta fara sauka. Motar su Habila ta taka nakiya ran Lahadi. Habila ya rasu.

Yunana ya jawo fayil ɗin Habila. Kun san fom ɗin da soja ke cikawa, inda yake rubuta sunan magajinsa, wato wanda za a fara sanar wa in wani abu ya same shi. Habila ya cika nasa tun yana ɗan shekara sha tara, ranar da aka ɗauke shi soja, kafin ya taɓa ganin Liyatu. Sunan wansa Obadiya ya rubuta. Ya yi aure, ya haihu, ya samu igiya uku, bai taɓa komawa ya sauya ba. Ba mugunta ba ce. Mantuwa ce irin ta mazanmu, waɗanda ke tuna lambar bindigarsu ko cikin barci amma ba sa tuna takarda.

Yunana ya kai wa Kanar, shugaban ofishin, siginar da fom ɗin. Kanar ya karanta, sannan ya ce, "Ka san doka. Sai an je an sanar da mai suna a fom baki da baki, amsa ta dawo, sannan mu hau bene. Kafin nan ba wanda zai buɗe baki. Har matarka."

"To, Oga."

Amma ƙauyen su Obadiya yana bayan kogi, ga damina ta yi nisa a gida, ruwa ya cinye gada. Talata ta wuce ba amsa. Laraba ta wuce ba amsa. Yunana yana hawa bene yana wuce ƙofar Liyatu, yana jin ta tana yi wa jariri wasa. Matarsa Afiniki ta zuba masa abinci, ya juya cokali ya ture. Ta ce, "Baban yara, wai me ke damunka?" Ya ce, "Ki yi mini addu'a kawai."

Ran Alhamis ake ɗaure jakar wasiƙu. Sai ga Liyatu a ofis da goyonta, da ƙunshi a hannu: yaji ne da ta daka, da zanen mota da Keziya ta yi wa babanta.

Ta ce, "Akawu, ina kwana? Ga saƙon Saje. Amma ka faɗa mini gaskiya, yajin nan yana isa gare shi kuwa, ko a miyar Afiniki yake ƙarewa?"

Bai yi dariya ba.

"Ba wasiƙa?"

"Babu, Maman Keziya."

"Mutumin nan da ƙyuyar rubutu! Lafiya dai suke can, ko?"

Ku saurara. Mu duka mun san amsar wannan tambaya. Ko mutum yana kwance a asibiti, in an ce lafiya, lafiya lau yake cewa. Kalma biyu ce, da ta wuce kamar gaisuwa. Amma bakin Yunana ya ƙi furta ta. Ya sunkuyar da kai kan takardunsa ya ce, "Allah yana nan, Maman Keziya."

Ta dube shi ta ce, "Kai ne ba ka da lafiya, Kofur. Dubi idanunka. Ka ce wa Afiniki ta dafa maka lemun tsami da citta." Ta ajiye ƙunshin a teburinsa ta fita. Shi kuwa ya sa hannu ya karɓa. Bai yi ƙarya da baki ba, amma ya sani hannunsa ya yi.

Juma'a da safe wata takarda ta zo daga babban ofishin rundunar. Gobe Asabar da tsakar rana za a karanta sunayen waɗanda suka mutu a gidan rediyon garin, da harshen garin. Yunana ya karanta sau biyu. Liyatu ba za ta gane ko kalma ɗaya ba. Amma maƙwabta za su ji, kuma mutanen kirki ne, za su hau bene su yi ta'aziyya. In sun yi magana, Liyatu za ta juya ta ce, "Keziya, me suka ce?"

Iyaye mata, ku tsaya a nan. Yarinya 'yar shekara bakwai. Ita za ta fara ji, ita kuma za a sa ta juya maganar zuwa Hausa ta miƙa wa uwarta. Wannan kaya ne da in an ɗora wa yaro, ba ya sauke shi har ya tsufa.

A soja, in za a shigar da mai laifi gaban babba, sai an cire masa hula da bel. Yunana bai jira kowa ya cire masa ba. Ya cire da kansa, ya ajiye a teburinsa, ya shiga wurin Kanar ya ƙame.

Kanar ya ɗaga kai. "Wa ya kawo ƙararka?"

"Ni na kawo kaina, Oga. Laifin ban yi ba tukuna, yanzu zan je in yi."

Ya bayyana masa maganar rediyo da ta yarinyar. Kanar ba mugu ba ne. Ya ce, "Kana tsammani ban gani ba? Sau uku na sake tura sigina gida. Na roƙi babban ofis su jinkirta, suka ce sojojin ƙasa huɗu ne a motar, ba za a tsaya don mutum ɗaya ba. Dokar nan ba ni na rubuta ta ba, Kofur."

"Na sani, Oga. Shekara sha huɗu ban taɓa ƙetare umarni ba. Amma ba zan iya zama ina kallo yarinya ta faɗa wa uwarta ba. Kuma ba na so in yi a ɓoye, shi ya sa na fara zuwa wurinka."

"In ka hau benen nan, za ka sauko ba igiya."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya juya ya fita. Kanar bai kira shi ba, bai kuma bi shi ba.

Gida ya fara zuwa, ya faɗa wa Afiniki duka. Ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka. Da ta natsu ta ce, "Mu fa? In suka cire maka igiya suka mayar da mu, namu yaran fa?"

Ya ce, "Namu suna da uba."

Afiniki ta tashi ta ɗaura zane da kyau, ta wanke fuska. Ta ce, "To, ba haka za ka faɗa mata ba. Bari in fara kwashe yaran." Ta sauka ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Liyatu, ba ni aron Keziya ta taya ni suyar ƙosai, kawo jaririn ma ki huta." Ta kai su ɗakinta, ta bar su da wata maƙwabciya, ta rufe ƙofa. Ta kira wata dattijuwa daga hawa na uku. Yunana ya ɗauko ƙunshin yajin da bai aika ba, su uku suka tsaya a ƙofar Liyatu.

Liyatu ta buɗe, hannunta da kumfar wanki. Ta dubi kan Yunana, ta dubi ƙugunsa, ta dubi ƙunshin yajin da ke hannunsa. Matar soja ce.

"Kofur, ina hularka?"

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Maman Keziya, Saje Habila ya rasu. Motarsu ta taka nakiya."

Matan suka riƙe ta kafin ta kai ƙasa. An daɗe ba a jin komai sai kukanta. Can ta ɗago ta ce, "Yaushe?"

"Ran Lahadi."

"Lahadi." Ta ƙirga da yatsu. "Jiya da na zo, ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni ina yi maka wasa? Ka sani, ka karɓa daga hannuna?"

"Na karɓa. Ki gafarce ni."

"Fita. Fita mini daga ɗaki."

Ya fita. Bai kare kansa ba, bai ce umarni aka ba shi ba, bai ce ya sayar da igiyarsa don ita ba. Ya zauna a matakala, kansa a gwiwa.

Da la'asar Liyatu ta wanke ido ta ce a kawo mata 'yarta. Ta ɗora Keziya a cinya, ta rungume ta, ta faɗa mata da bakinta, da Hausa, a hankali, da kalmomin da uwa kaɗai ta san yaronta zai iya ɗauka. Washegari bayan an karanta sunaye, wata tsohuwa 'yar garin ta hau bene da furanni tana hawaye, ta yi magana mai tsawo. Keziya ta saurara, ta juya ta ce, "Mama, ta'aziyya take yi mana." Iyakar abin da ta fassara ke nan.

Amsar ƙauye ba ta iso ba sai bayan kwana sha ɗaya.

Yanzu za ku so in ce an yafe wa Yunana, ko an ƙara masa girma. Ba a yi ba. An cire masa igiya biyun, ya yi kwana sha huɗu a gadurum, ɗakin kulle sojoji, aka mayar da shi gida da iyalinsa. Jirgi ɗaya suka hau da Liyatu, ba ta dube shi ba har suka sauka. Ba ta taɓa gode masa ba, kuma ni ban ga laifinta ba: fuskar da ta kawo maka irin wannan labari, da wuya ka so sake ganinta. Ya ƙarasa aikinsa a wani ɗan ofis, ya yi ritaya, ya mutu ba wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. Ubangiji ne kaɗai ya rubuta.

To, 'yan'uwana, ga abin da ke ciki, ba zan ɓoye shi ba. Mutumin kirki shi ne wanda ke faɗin gaskiya mai ciwo da tausayi, ya ɗauki hukuncinta a kansa, ba ya jiran godiya. Ban ce ku koya wa mazanku ƙin umarni ba. Yunana ya yi biyayya kwana huɗu tana cin ransa, kuma da zai karya doka, gaban mai dokar ya fara zuwa. Abin da ya ƙi shi ne a bar ƙaramin yaro ya ɗauki abin da manya suka ji tsoron ɗauka.

Mu yanzu ba ma jiran jakar Alhamis. Labari yana shigowa waya kafin gawa ta yi sanyi, kuma wayoyinmu a hannun wa suke yini? A hannun yaranmu. Don haka in kin ji an ce wani ya faɗi a fagen daga, kada ki tura wa kowa, kada ki sa hotonsa, kada ki kira matarsa ki ce, "Kin ji kuwa?" Ki sa takalminki. Ki nemi mace ta biyu. Ku fara janye yaran, sannan ku shiga, kuma ku zauna ko da ta kore ku zuwa matakala.

Sannan yau ɗin nan, ba gobe ba, in mijinki yana gida ki zuba masa abinci, ki bari ya ƙoshi, ki tambaye shi sunan wa ke fom ɗinsa. In yana bakin aiki, ki tambaye shi a kiran farko. Zai ce kina yi masa fatan mutuwa. Ki ce a'a, yaranmu nake karewa. Zai yi fushi na yini ɗaya, ki bar shi ya yi.

Ubangiji ya dawo mana da su lafiya. In kuwa akwai wadda ba za a dawo mata da nata ba a cikinmu, kada Allah ya sa ta ji ita kaɗai, kada kuma ya sa ta ji daga bakin ɗanta. Amin.