Kunya Uku a Bene Ɗaya

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, a gaban idona aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na gama ku za ku yanke hukunci, don ni na daɗe ina juya maganar ban kama bakin zarenta ba.

A bayan tsohuwar tasha akwai wani bene mai hawa uku, na marigayi Alhaji Barau mai fata. Ƙasa shaguna ne, a nan nake ɗinki a lokacin. Sama kuwa ɗakunan haya ne, magidanta goma sha huɗu da iyalansu. A can ƙuryar hawa na uku akwai Gwaggo Asabe, yayar Alhaji, wadda ƙafafunta suka mutu shekaru da yawa. Ba ta sauka sai an ɗauko ta. Kowa a gidan ya san in wani abu ya tashi, duk muna da ƙafar gudu ban da ita.

Alhaji Barau mutum ne mai tsoron gobara, don ta taɓa cinye masa rumfa a kasuwa yana saurayi. Shi ya sa ya yi wa benen matakala biyu, ta gaba da ta baya. Ya rataye jajayen bokitai cike da rairayi a kowane hawa, ya ajiye tukunyar kashe gobara a gindin kowace matakala. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira 'ya'yansa maza uku. Bai raba musu ɗakuna ba, aiki ya raba musu. Babban, Lawandi, ya ba shi ƙofofi da matakalu, ya ce kada ko tsintsiya ta kwana a hanyar fita. Na tsakiya, Jafaru, wanda ya koyi gyaran wuta, ya ba shi wayoyi, ya ce duk wata ya shiga kowane ɗaki ya duba da idonsa. Autan, Tasi'u, ya ba shi ruwa da rairayi da tukwanen nan. Sa'an nan ya nuna sama da yatsa ya ce, "Ga yayata can. Amana ce." Bai ƙara kwana uku ba.

Kada ku zaci lalatattun 'ya'ya ne. Wallahi masu ladabi ne na a zo a gani. Ladabin nan ne ma ya kusa kai mu lahira.

Ku ji na Lawandi. Surukinsa, Malam Gwadabe, yana kiwon ragunan layya. Da kaka ta yi ya sayi harawa mai yawa, ya rasa wurin ajiya, sai ya ce a ɗan sam masa matakalar baya na kwana biyu. Aka jera dammunan harawa tun daga ƙasa har hawa na uku, ya kawo kwaɗonsa ya garƙame ƙofar don kada awakin unguwa su yi masa ɓarna. Kun dai san tsakanin mutum da surukinsa. Lawandi ko sunansa ba ya iya faɗa, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Kwana biyu ya zama wata biyar. Sau uku yana ɗaura aniyar yin magana. Ya je, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar raguna, ya taso. Maganar matakala kuwa a cikinsa ta tafi, a cikinsa ta dawo.

Jafaru shi ma bai taɓa fashin zagayensa na wata ba, sai dai zagayen a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ɗakin matan aure ne, an rubuta ba a shiga. Sai ya tsaya ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya wutar taku?" A amsa daga bayan labule, "Lafiya lau." Shi ke nan an duba. A hawa na biyu akwai Baraka, matar wani direban babbar mota. Mijinta ya ja waya da kansa daga soket guda, ya naɗe mahaɗar da leda, ya ɗora mata firji da dutsen guga da hita. Sau biyu Jafaru yana jin warin ƙonanniyar roba a bakin ƙofar. Amma maigidan yana kan hanyar kudu, ina shi ina shiga ɗakin matar da mijinta ba ya gari? Ya ce bari mijin ya dawo. In ya dawo kuma kwana ɗaya yake yi ya juya.

Na Tasi'u har da ban dariya, in da abin dariya ne. Matan gidan nan rabinsu sun goya shi, su suka share masa majina. Ba sa kiransa da suna, sai Auta. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta gano cewa rairayin jajayen bokitan nan mai laushi ne, babu kamarsa wajen suya. Ta ɗibi kaɗan. Maƙwabciyarta ta gani ta ɗiba. Da rairayi ya ƙare, sai aka ga bokiti ba ya zama banza, wannan ta jiƙa wanki, waccan ta jiƙa gero. Tukwanen kashe gobarar kuwa wa'adinsu ya wuce, suka yi tsatsa, guda ma da ita ake tokare ƙofar banɗaki. Ranar da Tasi'u ya yi ƙarfin hali ya ce, "Iya, bokitin nan fa na gobara ne," sai tsohuwar mai gyaɗar ta ce, "Auta, bakinka ya sari ɗanyen kashi! Gobara kake kira mana?" Ta cika masa hannu da gyaɗa mai zafi. Ya karɓa ya ci.

Kuma kowannensu yana ganin na ɗan'uwansa. Lawandi ya ga bokitai babu, ya ce wannan na Tasi'u ne. Tasi'u ya ga harawa, ya ce ba zai koya wa yayansa aiki ba. Ni kaina da nake ba ku labari, kullum sai na wuce ta gaban kwaɗon nan in zan yi alwala, kuma ina jin daɗin gyaɗar. Ban taɓa cewa uffan ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana, don haka bari in taka nawa a gabanku tun kafin in hango na wasu.

Ranar wata Juma'a, Baraka ta jona hita da safe, aka ɗauke wuta, ta manta ba ta zare ba, ta shiga maƙwabta kitso. Maza duk muka tafi masallaci. Muna cikin sahu aka kawo wuta. Wata mata a hawa na biyu ta ji wari, ta leƙa, ta ga wuta ta kama gefen labule, ba ta fi tafin hannu ba. Ta ruga wurin jan bokiti, ta tarar da gero a jiƙe. Kafin ta samo wani abu, katifa ta kama.

Liman na sallamewa muka hango hayaƙi. Muka iso a guje, mata sun fito da yara, kowa na salati. Ɗakin Baraka yana daidai bakin matakalar gaba, hayaƙi ya toshe ta baƙi ƙirin. Aka ƙirga kai, kowa ya fito. Sai wata ta ɗora hannu a ka ta ce, "Gwaggo!"

Wani saurayi ya yunƙura zai hau, yana dafa ƙarfen matakala wutar lantarki ta yi jifa da shi. Wayoyin sun narke sun taɓa ƙarfe, duk wanda ya watsa ruwa a wannan hali ya kashe kansa. Jafaru bai yi shawara da kowa ba. Mitar gidan tana ƙarƙashin barandar da ke ci, garwashi na zubowa. Ya naɗe hannu da hularsa, ya kutsa, ya fizge wutar gidan daga tushe. Hular ta ƙone, tafukan hannunsa suka saɓule. Ba don shi ba, da babu mai iya zuba ko cokalin ruwa, babu mai iya taka matakala.

Tasi'u ya duba, ba rairayi, ba bokiti, tukunya ko tari ba ta yi. Sai ya tuna 'yan ga-ruwan da ke jeruwa a bakin masallaci ranar Juma'a. Ya ruga ya turo su da kurayensu na jarkokin ruwa, ya jera mutane hannu da hannu. Ya lura wuta tana bin baranda ta nufi matakalar baya, inda busasshiyar harawa ke jiranta. Ya hau kan rumfar shagona, ya kama taga ya dira a barandar, ana miƙa masa jarka yana kwarara, ya tsaya tsakanin wuta da harawa. Gira da gemu duk suka tafi, hayaƙi ya cika masa ƙirji, bai ja da baya ba. Ba don shi ba, da matakalar baya ta zama murhu.

Saura ƙofa. Malam Gwadabe na tsaye a cikin taron yana laluben aljihu, ashe makullin yana cikin rigar da ya tuɓe a gida. Lawandi ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri 'yarsa. Ya fizgi taɓarya a hannun wata mata, ya dinga dukan kwaɗon har ya tarwatse. Ya riƙa wurgo dammunan harawa cikin kwata a gaban mai su, yana buɗa hanya taki bayan taki har sama. Ya tarar da Gwaggo ta jawo jiki zuwa bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi tana kalmar shahada. Ya goya ta. A hawa na biyu wani katako mai ci ya faɗo masa a kafaɗa, bai sake ta ba sai da ya dire ta a kan tabarma a waje. Ba don shi ba, da aikin sauran biyun ya tashi a banza.

'Yan kwana-kwana suka iso suka ƙarasa kashe wutar. Ɗakuna biyar sun ƙone, amma ba a rasa rai ba. Jama'a suka yi caa, ana ta sa wa 'ya'yan Alhaji Barau albarka, ana cewa jarumai. Sai shugaban masu kashe gobarar, wani dattijo marar hayaniya, ya zagaya gidan ya dawo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya kulle ƙofar baya? Ina rairayin bokitan nan? Yaushe rabon da a duba wayar ɗakin can?" Kowa ya sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga Lawandi, ƙato mai 'ya'ya shida, hawaye na bin gemunsa. Ni ma ƙafata nake kallo.

Bayan sun fito daga asibiti, wata guda ba wanda ya ga ɗayansu a majalisa. Ko masallaci sai su tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa su sulale. In ka ce musu sannu da ƙoƙari, kamar ka zage su.

Da aka gyara gidan, mai unguwa ya tara mu a zaurensa, aka ɗauko Gwaggo Asabe. Ta sa aka haɗa makullan gidan duka a zobe guda, aka ajiye a cinyarta. Ta ce, "Ƙanena ya yi kuskure ɗaya, Allah ya jiƙansa. Ya raba amana uku, kowa ya riƙa kawar da kai daga rabon ɗan'uwansa. Daga yau mutum ɗaya ne zai riƙe gidan nan, shi za a tambaya, kuma shi zai iya ce wa kowa a'a."

Mai unguwa ya ce, "Gwaggo, an share miki shago ɗaya a ƙasa, kin huta da hawa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan zauna a ƙasa ba. In na sauko, wa zai ƙara tuna da na sama? Akwai masu ciki a can, akwai jarirai. A mayar da ni ɗakina. Muddin ina can, dole wani ya riƙa duba matakala."

Ta miƙa wa Lawandi zoben. Ya ja da baya ya ce, "Gwaggo, ni na toshe miki hanya wata biyar. Da wane ido zan karɓa?"

Ta miƙa wa Jafaru. Ya ɓoye ƙonannun hannayensa a cikin riga ya ce, "Ni na ji wari na wuce. Wutar nan tawa ce."

Ta miƙa wa Tasi'u. Ya ce, "Bokiti guda ya isa ya kashe ta, ni kuwa na sayar da shi a kan gyaɗa."

Nan fa zaure ya kaure. Masu bayan Lawandi suka ce wanda ya fasa kwaɗon surukinsa a bainar jama'a ya gama da kara har abada, kuma shi ya sauko da ita a bayansa. Aka ce musu ai shi ne ya mayar da ɗakinta kurkuku. Masu bayan Jafaru suka ce shi ya fara sayar da ransa, kuma duk lokacin da ya kalli hannunsa zai tuna. Aka ce musu ba don sakacinsa ba, da ba a yi gobarar ba sam. Masu bayan Tasi'u suka ce shi ya fi kowa daɗewa a bakin wuta, kuma shi kaɗai ne ya taɓa buɗe baki tun kafin abin ya faru. Aka ce musu bakin da gyaɗa ta rufe, me ba zai rufe shi ba? Har aka kira la'asar ba a daidaita ba.

Washegari aka goya Gwaggo Asabe aka hau da ita hawa na uku, zoben makullai na ƙara a hannunta. Ta ce a bar mata ƙofa a buɗe, tana jiran wanda zai hawo ya karɓa.

To, ga ku nan, manya da yara. Tsohuwa tana sama ba ta da ƙafa, ranta yana hannun duk wanda ya riƙe zoben nan. Dukansu sun ci amana, dukansu sun cece ta, dukansu sun ce ba su isa ba. In ku ne Gwaggo Asabe, wane ne a cikin ukun nan za ku damƙa wa makullin?