Ƙugiyar Sarƙar Inno

Akwai wani maƙerin azurfa a Kankiya, zamanin Turawa, ana ce masa Labaran. Ƙugiyar sarƙa ce gwanintarsa, wadda mata ke maƙala abin wuya da ita. Kowace ya ƙera sai ya buga mata ɗigo uku a ciki, alamar hannunsa.

Gwani ne, ba musu. Matsalarsa baki. Duk aikin da aka kawo gyara sai ya ce na Dawuda ne, wani dattijon maƙeri a Kusada. Da haka ya janye masa mutane, har matan Kusada suka koma takowa Kankiya.

Wata ranar kasuwa, wata Bafulatana mai tallar nono, Inno, ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa sarƙar murjani. Ƙugiyar ta karye. Marigayin mijinta ne ya saya mata.

Labaran bai ko juya ta ba. Ya ɗaga ta sama don jama'a su gani.

"Ku dubi aikin Kusada! Wannan ai ko akuya ba a ɗaure da ita."

Aka yi dariya. Inno ta jira aka gama.

"Maƙeri, juya cikinta."

Ya juya. Ɗigo uku.

"Shekara sha ɗaya ke nan ka yi mini ita," in ji Inno. "Kusada na fara kai ta. Dawuda ya ce ba laifin maƙeri ba ne, zufa da shekaru ne suka cinye ta. Ya ce in kawo wa mai ita, duk ƙasar nan babu hannun da ya kai nasa."

Labaran ya sunkuya ya hura wuta, ya gyara ƙugiyar.

Washegari ya kama hanyar Kusada a ƙasa. Ya tarar da Dawuda shi kaɗai a maƙera, ya durƙusa.

"Baba, na ci namanka shekara da shekaru. Ka yafe mini."

Dawuda ya matsa masa a kan buzu, ya miƙa masa awartaki.

"Na yafe tuni. Riƙe mini nan, idona ya fara gajiya."

Darasi: Kafin ka kushe aikin wani, duba naka da kyau. Wanda kake ɓatawa a kasuwa, wataƙila yabonka yake yi a bayan idonka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.